Akwatin Sautin da Na Zaɓa da Kunne Ɗaya

Da na janye hedifon daga kunnena na hagu, sai na ga bakin Yaya yana motsi, amma maganarsa ta gefe ɗaya kawai take shigo mini. A haguna yake tsaye, kafaɗarsa har tana gogar tawa, duk da haka muryarsa sai ta zagayo ta dama, kamar mai magana daga wani ɗaki. A cikin kunnen hagun kuwa wani siririn fito ne ya samu wuri ya zauna, irin na butar shayi idan ta fara tafasa, ba ya hawa ba ya sauka. Na haɗiyi yawu. Na sake haɗiya. Yana nan.

"Auta, kin ji ƙarfi kuwa?" in ji Yaya, yana dariyar borin kunya. "Wannan ko a filin ƙwallo aka kunna shi sai an ji a bayan gari."

Na ce masa na ji.

A wani shago muke, a hawa na uku na wata kasuwar kayan lantarki a Guangzhou, kuma ni ce silar zuwanmu. Na zo garin ne bayan na gama sakandare, lokacin da matar Yaya ta haihu, don in taya ta raino. Yaya ɗan kasuwa ne. Fitilu masu caji yake saye, da rediyo da sifika da ƙananan fankoki, ya tara a sito, a yi lodi a kwantena a kai tashar jirgin ruwa ta Nansha, bayan wasu makonni kaya su ɓulla a Kano. Ni kuma ban da raino da wanke-wanke, ni ce mai ɗaukar hoton kaya a waya ana tura wa masu saye.

Sai kuma waƙa. Tun ina firamare bakina ba ya zama shiru, ko shara nake yi sai na sa mata amshi. A shekarar aka sa bikin aminiyata, wadda muka zauna benci ɗaya tun ajin farko, kuma na san ba zan samu zuwa ba. Sai na yi mata alƙawarin waƙa, tata ta kanta, da za a saka ranar kamu. Na tsara baitoci, na ɗauka a waya ya fi a ƙirga. In ba ƙugin na'urar sanyaya ɗaki ba, to suyar maƙwabta, in ba ita ba kukan jaririya. Matar Yaya, wadda nake kira Anti, ta saurari wanda na fi yarda da shi ta ce, "Muryar dai taki ce, amma kamar kin sa kai a bokiti."

Ana cikin haka Yaya ya dawo daga baje kolin Pazhou da wani makirufo da wata masana'anta ta ba shi samfur. Ƙato ne, mai nauyi, irin wanda nake gani a bidiyon mawaƙa. Na yi ta murna har na juya gindinsa na ga ƙafafu uku, na duba tsohuwar kwamfutar Yaya ciki da bai ban ga ramin da za su shiga ba. Nan na san akwai wani ɗan akwati da ke shiga tsakani, wanda 'yan sitidiyo ke kira saun-kad. Makirufo ya shiga ta gabansa, kebul ɗaya ya fita ta baya zuwa kwamfuta, kai kuma ka sa hedifon ka ji kanka. Shi muka fito nema.

Shago uku muka shiga ana ce mana "meyo", wato babu. A na huɗu muka tarar da wata mata mai gajeren gashi, da gilashi rataye a wuya, da gorar shayi mai ganye yana yawo a ciki. Yaya ya gaishe ta da "lawban", yadda suke kiran mai shago, na fito da makirufon daga jaka na ajiye mata. Ta juya shi, ta gyaɗa kai, ta yi magana a cikin wayarta, wayar ta mayar mana da Turanci. Mutum nawa ne za su yi waƙa a lokaci guda? Na ɗaga yatsa ɗaya. Da kwamfuta za ki ɗauka ko da waya? Na ce kwamfuta. Akwai ganguna ko wasu kayan kiɗa? Na ce babu, kiɗan a kwamfuta yake.

Kafin ta gama tambayoyin Yaya ya riga ya zaɓa. Wani faffaɗan abu ya hango mai fitilu kala-kala suna bin juna, da maɓallai sun fi ashirin. Ya danna ɗaya, sai ga tafi ya ɓarke kamar an cika zaure. Ya danna wani, jama'a suka kwashe da dariya. Wani kuma ya mayar da muryarsa ta jariri.

"Auta, an gama," in ji shi. Ya danna tafi. "Ni dai shekara nawa da aure, ba a taɓa yi mini tafi a gidana ba." Ya sake dannawa.

Lawban ta bar shi ya gaji don kansa, sannan ta yi bayani ta waya. Wannan na masu tallan kaya ne da masu hira kai tsaye a waya, yana yi wa murya kwalliya tun kafin ta isa kwamfuta, kuma in ta shiga da kwalliyar ba ta cirewa. Ban da haka makirufona irin wanda ba ya tashi ne sai an ba shi wuta ta cikin kebul, akwai maɓallinta mai lamba arba'in da takwas, shi kuma mai fitilun ba shi da shi. Yaya bai so ba, amma ya ajiye. Sai idonsa ya faɗa kan wani babba mai baki takwas na haɗa makirufo. Ya ɗauka ya jinjina a tafin hannu, yadda yake yi wa kowane kaya, ya ce, "To wannan shi ne kaya. Kin ji nauyi? A gwada mana shi."

Dole in faɗi wani hali na Yaya, wanda ba nasa ne shi kaɗai ba, na duk abokan sana'arsa ne. Ba sa yarda da kaya sai sun ƙure shi. Rediyo ce, a murɗa ta har ƙarshe. Fanka ce, a sa ta a lamba ta ƙarshe a ga ko za ta yi rawa. Dalilinsu shi ne mai saye a Kano haka zai yi a bakin shago, in abu ya yi gardama a nan, kwantena guda ta zama kayan ado. Hannun Yaya ya saba har ba ya shawara da shi.

Lawban ta haɗa makirufo da babban akwatin, ta miƙo mini hedifon. Ban so in cire hijabi a tsakiyar kasuwa ba, sai na ɗage gefensa na manna kunnen hedifon ɗaya a kunnena na hagu, ɗayan yana lilo a gaban bakina, dab da makirufon. Wani ya leƙo yana tambayar lawban wani abu, ta juya. A daidai nan Yaya ya miƙa hannu ya murɗe duk abin da ke murɗuwa.

Ban san da me zan kwatanta ƙarar ba. Tsini gare ta. Har 'yan shagunan da ke layin suka leƙo. Lawban ta yi tsalle ta fizge kebul, ta juya kan Yaya da yatsa a tsaye tana zuba masa Sinanci, kuma wannan karon babu wanda ya nemi waya ta fassara. Daga baya ta nuna mana yadda abin yake: makirufo ya ji abin da hedifon ke fitarwa, ya mayar masa, shi ma ya sake mayarwa, suna ta cusa wa juna har ya zama ihu. Duk wannan ihun a kunnena ɗaya ya sauka.

Ta dube ni ta nuna kunnenta, alamar tambaya. Na yi murmushi na ɗaga babban yatsa. Fiton kuwa yana nan.

Sai ta ture babban akwatin gefe, ta ce na masu ƙungiya ne, masu ganguna da mutum biyar, in na saya baki bakwai za su tsufa ba a taɓa su ba. Ta sunkuya ta ɗauko wani ƙarami, bai fi littafin addu'a ba, baƙi, babu ado. Baki biyu a gaba, da maɓallin arba'in da takwas, da abin murɗawa na kowane baki, da wani daban na hedifon. Ta mayar da kowanne ƙasa tukuna, sannan ta haɗa kebul, sannan ta kama hannuna ta ɗora a kai. Ta dubi Yaya ta nuna masa wata kujera can nesa. Ya je ya zauna.

Da kunnen dama na gwada. Na murɗa kaɗan-kaɗan, na rera layin farko na waƙar aminiyata a hankali. Wata 'yar fitila ta yi kore. Lawban ta ce in ɗaga murya, na ɗaga, fitilar ta yi ja, ta ce to ja yana nufin ya yi yawa, a rage. Abin da ya fi burge ni shi ne ina buɗe baki nake jin kaina, muryar ba ta biyo ni a baya tana tuntuɓe. Sannan ta yi wani abu da ban taɓa tunani ba. Ta ɗora yatsa a leɓe, ta ce kada in yi waƙa, in saurari shirun. Ta sa mini mai fitilu da wani makirufon shagon, na ji yana huci can ƙasa-ƙasa kamar yayyafi a kan kwano. Ta mayar da ni kan ƙaramin, na ji tsit. Ko da yake shirun nawa da fito a cikinsa, amma na san wannan ba laifin akwati ba ne.

Na tambaye ta, tunda ni kaɗai ce, me zan yi da baki na biyu? Ta ce akwai mai baki ɗaya, amma wata rana zan so mai amshi. Na tuna Anti tana da murya in ta ga dama. Na ce wannan nake so.

"Babu fitila, babu nauyi, babu tafi," in ji Yaya daga kujerarsa. "Wannan in na kai Kano ko kallonsa ba za a yi ba."

"Ai ba Kano za ka kai ba, Yaya. Ɗakina za ka kai."

Ya taso yana ƙunƙuni. Da lawban ta tambayi guda nawa, sai da ya waiwaya ko wani ɗan gida yana kallonsa kafin ya ce ɗaya. Don ya wanke kansa, ya tambayi guda nawa ne a katan.

A jirgin ƙasa muna komawa gida ana ta sanar da tashoshi, harshe bayan harshe, ni kuwa duk ta dama nake karɓa. Gwaggonmu kawai nake tunawa, ƙanwar Baba. Da kunne ɗaya nata ya fara, bayan wata jinya, daga baya ɗayan ya bi. Mun taso muna yi mata magana da ihu, in aka yi raha a tsakar gida sai ta bi fuskokin mutane ta yi dariya bayan kowa ya gama. Tana da kirki ƙwarai, kuma ban taɓa tsayawa na yi tunanin yadda take ji ba sai a jirgin nan. Na ce shi ke nan, haka nawa zai fara. Wace waƙa kuma mutum zai yi in ba ya jin kansa?

Ban faɗa wa kowa a gida ba. Yaya zai shiga damuwa, don ya san hannunsa ne. In labari ya kai kunnen Umma kuwa, da ma ba son waƙar nan take ba, cewa za ta yi a sako ni a jirgi. Kuma asibitin da ban san ko kalma ɗaya ta harshensu ba ya fi ƙarfin zuciyata. Na ajiye akwatin a kwalinsa a ƙarƙashin gado. Anti ta ce, "Ke da kika hana mu sakat, an sayo kuma ba za ki buɗe ba?" Na ce sai na karanta takardar bayaninsa tukuna. Takardar da Sinanci take.

Washegari na ɗauki wata tukunya da muka aro na sauka hawan ƙasa wurin Hajiyar Kumasi. 'Yar zango ce daga Gana, tana tura takalma da jakunkuna gida, ta daɗe a garin har tana ciniki da Sinanci ba waya. Ita ce likitar duk benen. Ciwon ciki, ƙaiƙayi, yaro ya ƙi nono, wurinta ake zuwa, kuma tana da wani kabad da ba ya rasa kwalba. Na rufe ƙofa na gaya mata, na roƙe ta ta rufa mini asiri.

"Wannan ne kike kuka a kai, 'yata? Kunne ne ya firgita. Kwanta nan."

Ta ɗumama man zaitun a cokali, ta gwada a bayan hannunta, ta ɗiga mini sau uku, ta toshe da 'yar auduga a baki-baki. Ta zuba mini saura a ƙaramar kwalba ta ce ɗigo uku, sau ɗaya a rana, kwana uku.

Ni kuma na yi nawa lissafin. In ɗigo uku suna magani, ai goma sun fi su. In sau ɗaya yana aiki, sau uku zai fi sauri. Audugar tana faɗowa in na sunkuya wanka wa jaririya, ina tsoron Anti ta gani, sai na samu tsinken ashana na riƙa tura ta ciki sosai. A kwana na uku fiton ya tafi. Na yi hamdala, na zaro audugar, sai na tarar ba fiton kaɗai ya tafi ba, komai ya tafi. Da ina ji kamar daga wani ɗaki, yanzu kamar an yi gini an shafe.

Ranar na gwada kunnen nan da duk abin da ke gidan. Na murza yatsu a gefensa. Na kaɗa masa kacau-kacau ɗin jaririya. Na toshe na dama na buɗe famfo. Har madubi na tsaya ina motsa baki ba murya, wai ina koyon karanta leɓe tun da wuri, na ce "sannu da aiki" na ga bai bambanta da komai ba. Aminiyata kuma tana ta turo saƙon murya: ina waƙata, an fa kusa, ko kin zama 'yar Caina kin manta da mu? Ina saurara da kunnen dama ina mayar mata da hoton dariya.

A kwana na huɗu asirina ya tonu. Bayan azahar Anti ta sauka sayen ganye da nama, ta bar mini jaririya tana barci. Na kishingiɗa kusa da gadonta, tsautsayi ya sa na kwanta a kan kunnen dama, barci ya ɗauke ni. Ban farka ba sai da aka girgiza ni. Anti ce tsaye da yarinya a kafaɗa, fuskar yarinyar ta yi jawur, tana ajiyar zuciya.

"Auta, tun daga lif nake jin kukanta. Ke kina nan kusa da ita. Lafiyarki kuwa?"

Nan na fashe. Na faɗa mata komai, tun daga shago har tsinken ashana. Ta zauna a bakin gado ta saurara, ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce in toshe kunnen dama, ta matso ta yi raɗa a na hagu. Na girgiza kai.

"Cewa na yi na ba ki koren leshina. Tunda ba ki ji ba, shi ke nan, ya koma akwati."

Ina hawaye ina dariya. Ta ce, "Ku dai gidanku komai sai kun ƙure. Shi ya ƙure ƙara, ke kin ƙure magani. Allah Ya sa 'yata ta biyo ni."

Yaya yana Pazhou da baƙi daga Kano, yana zagayawa da su wurin masana'antu. Anti ta kira shi ta ce ya dawo da wuri, ba ta faɗi dalili ba. Da ya shigo ta gaya masa, sai ya ajiye jakarsa ya zauna a ƙasa, a kan tayil, bai ko cire takalmi ba.

"Ni ne ko?" ya ce.

Na ce, "Ba da gangan ka yi ba, Yaya."

"Kwana huɗu, Auta. Kina ba ni abinci kina yi mini sannu." Ya ɗauko waya zai kira Umma, na riƙe hannunsa na ce don Allah ya bari sai mun ji abin da likita zai ce. Anti ta ce, "Yallaɓai, ajiye wayar. Hannun nan naka ya yi aiki ya isa haka." Ya ajiye.

Da safe ya haɗa baƙinsa da wani abokinsa ɗan Nijar a otal ɗinsu da ke unguwar Liuhua, ya dawo ya ɗauke ni. Hajiyar Kumasi ta ce ƙafarta ƙafarmu, ita ta san asibitin, kuma ita ce mai harshe. A mota tana ta cewa man zaitun bai taɓa cutar kowa ba, ita da shi aka raine ta. Ban ce mata komai game da ɗigo goma ba.

Likitar mace ce, da wani madubi a goshi. Hajiya ta yi mata bayani da Sinancinta na kasuwa, da hannu, har da kwaikwayon ƙarar, ta nuna Yaya. Likita ta dube shi ta saman gilashi. Ta sa in zame hijabi ta gefe, ta zura wani siririn abu mai fitila a kunnena, sai ga cikin kunnen a allon talabijin a gabanmu duka. Ban ga komai ba sai wani dunƙule, ruwan ƙasa, yana ƙyalli. Na rufe ido. Na ce wannan shi ne kunnen ya ruɓe.

Ta ɗauko wani ɗan hantsaki, ta ce kada in motsa. Na riƙe hannun Hajiya har sai da ta ce, "'Yata, da hannun nan nake cin abinci." Na ji ana ja a hankali, ana ja, sai wani abu ya saki. Abin da na fara ji shi ne ƙugin na'urar sanyaya ɗakin, wannan ƙugin da na tsana a gida saboda yana ɓata mini ɗauka. Ta hagu ya shigo.

Likita ta ɗaga abin a gaban fuskata. Auduga ce, ta sha mai ta kumbura, ta haɗe da dattin kunne ta zama kamar ƙwallon dabino. Ashe da na zaro, rabi ne ya fito. Ta tambayi wa ya sa wannan, kuma da me aka tura shi har can. Hajiya ta fassara, sannan ta juyo gaba ɗaya ta dube ni.

"Ni ɗigo uku na ce. Kuma a baki-baki na sa miki."

Na ce, "Ashana ce, Hajiya."

Ba ta fassara wannan ba. Ta ce mutuncin benenmu ya fi haka.

Aka wanke kunnen da ruwan ɗumi, amma likita ta ce ba a gama ba. Toshewa daban, abin da ƙarar ta yi daban, sai an auna. Wata nas ta kai ni wani ɗan ɗaki mai ƙofa mai kauri, bangonsa duk soso, da taga ta gilashi. Duk da tsoron da nake ciki sai da na ce a raina, ai wannan shi ne sitidiyo, da za su ara mini shi awa ɗaya da na gama waƙar aminiyata. Sai ta ɗauko hedifon. Ban san lokacin da na ja da baya ba har na bugi bango. Ta yi murmushi, ta sa a nata kunnen tukuna, ta nuna mini ba komai, sannan ta sa mini, ta ba ni wani maɓalli in danna duk lokacin da na ji ƙara.

Ta gilashi ina hango Yaya ya matso kusa da na'urar gwajin yana leƙen abubuwan murɗawa. Na ga bakin Hajiya ya motsa, na ga ya zura hannayensa biyu a aljihu. Wannan kam ko ban iya karanta leɓe ba na gane.

Ƙararrakin ƙanana ne, wasu sirara wasu masu kauri, suna zuwa suna ƙara nisa har sai ka rasa ko ji kake ko zato. Na dama ya wuce lafiya. Da aka koma na hagu na daina numfashi don kada in rasa ko ɗaya. Ina dannawa ina addu'a. Wani lokaci ban tabbata ba, sai in ƙi dannawa, don ban so in yaudari kaina. Har yau da nake rubuta wannan, akwatin yana kan teburina, kuma ba na haɗa kebul sai na mayar da komai ƙasa na duba sau biyu. In mota ta yi hon kusa da ni, hannuna kan tafi kunnen hagu da kansa, in murza yatsu in ji ko yana nan.

Da aka gama gwajin muka koma wurin likita da takardar sakamako. Layi biyu ne a jiki, ja da shuɗi, suna tafiya kusa da juna kamar an jera su. Ta bi su da biro, ta yi magana mai ɗan tsawo, Hajiya tana gyaɗa kai ba ta fassara mana ba. Yaya ya kasa haƙuri ya ce, "Hajiya, don Allah."

"Ta ce dodon kunnen lafiyarsa ƙalau, bai fashe ba. Na hagu da na dama duk ɗaya suke ji. Ƙarar ta gigita shi ne na kwana biyu, ya dawo da kansa, sauran duk aikin audugarki ne. Ta ce ki huta da hedifon na 'yan kwanaki, in kin koma ki riƙa sa shi ƙasa-ƙasa. Ba mai, ba auduga." Ta ɗan tsaya. "Ba ashana. Wannan ni na ƙara."

Na ce ta sake tambayarta, ba zai dawo ba? Ba zai bi ɗayan ba? Likita ba ta jira fassara ba, ta ga fuskata. Ta girgiza kai, ta dafa kafaɗata, ta ce da Turanci babu matsala.

Akwai agogo a bango bayan kujerarta, sha ɗaya saura kwata. Ina kallonsa sai na lura ina jin tafiyarsa, kuma har da kunnen hagu. Yaya ya zaro hannayensa daga aljihu ya share fuska da su, ya daɗe bai sauke ba. Da ya sauke ya ce, a hankali, ta gefen hagun, "Da mai fitilun nan muka saya, da yanzu na danna miki tafi."

Na ce, "Na ji ka, Yaya."